Akwatin da Kaka Ta Taka

"Jama'a a ba da hanya, a rage murya! Ga matata ta ƙwarai, mai haƙori uku duk na ado, wadda ta girmi wutar lantarki, ta yi goyon wanda ya ƙera rediyo! Ranki ya daɗe, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau muke kafin ka shigo. Cire min takalmin nan."

Kakata ke nan, mahaifiyar babana. Tana kishingiɗe a kujera gaban tsohuwar talabijin ɗinta mai ƙaton doro, ta ɗora ƙafarta mai kumburi a kan wani ɗan kwali. Kwalin nan shi ya kawo ni.

Da safiyar ranar aka kashe tsohon tsarin watsa talabijin, wato analog, aka koma dijital. Ni kuwa sati biyu ina zaga layinmu ina wa'azi: masu kebul ku shirya shiga duhu, mu masu eriya iska muke kamawa, iska kuwa ba mai kashe ta. Na karanta takardar sanarwar, amma layin farko da hoton kawai. Ashe juya zancen na yi. Masu kebul kamfaninsu ya yi sauyin can wurinsa, hoto na biyo musu waya kamar kullum. Tawa ce ta wayi gari ba komai sai yayyafi da shuuu. Ga abokaina shida za su zo ɗakina kallon wasan ƙarshe na ƙwallo da ƙarfe huɗu, na zaga shago uku neman dikoda, na'urar da ke sa mai eriya ya kama sabon tsarin, duk ta ƙare. Guda ɗaya na sani a duk layin: wadda baffana ya sayo wa Kaka, mai gyaran kebul ya ce ba ta buƙata, ita kuma ta mayar da ita matashin ƙafa, ko buɗe kwalin ba ta yi ba.

Na ce, "Zuwa na yi in duba lafiyar talabijin ɗinki, a matsayina na injiniya."

"Injiniyan da makaranta ta tofar?"

"Hutu na ɗauka."

"Shekara huɗu? Ko mai jego ba ta samu wannan hutun ba. Ba kai ne ka tsaya nan ka ce yau talabijin ɗina za ta mutu ba? Har da in nemi likkafani mai faɗi saboda doronta. Ga ta tana numfashi. Taka fa, maigida?"

"Tawa tana ɗan hutawa."

"Allah Ya jiƙanta. Ashe an yi rashi ba a aiko ba."

"Suma ce kawai, tsohuwa."

"Na gaya maka, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rufi da eriya ba zai hango ba. Ka ƙi ji, ga shi yanzu gani ma ya ƙi ka. Ka haɗu da tela kuwa?"

"Wane tela?"

"Wanda ka sa ya yanke wayar kebul ɗinsa ya sayi eriya. Sau biyu yana leƙowa nemanka. Da almakashi a hannu."

"Awo zai yi min."

"Na wuya."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na yi fuskar likita, ina girgiza kai.

"Kaka, tun yaushe kike taka wannan abin?"

"In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

"Ni lafiyarki nake ji. Dijital ba abin wasa ba ne. Yana cikin kwali ma yana aiki, tsotse jini yake ta dunduniya. Dubi yadda ƙafar ta koma kamar ta giwa. Ba ni shi in kai shi nesa da mutane."

"Nesa ina?"

"Ɗakina."

"Gaskiya ne, can babu mutane. Ƙafata kuwa ta soma ciwo tun ranar da na bi ka da gudu har bakin titi, kana tsirara, ka sace min fitila wai za ka gyara. Har yau fitilar ba ta dawo ba."

"Haba matata, miji guda a ce ba shi da iko da kwali ɗaya a ɗakin matarsa?"

"Mijin da ko allura bai taɓa kawowa ba? Mijin da in ya shigo sai na ƙirga cokula? Sake ni in huta."

"Wa zai kwashe ki? Ke da talabijin ɗinki sa'o'in juna ne, sai an mari ƙeya kuke kawo hoto."

"Amma muna kawowa."

Wannan ta shige ni. Na ɗaga kai in nemi abin cewa, sai idona ya sauka kan talabijin. Kifaye ne ke ta yawo cikin ruwa, wani mutum yana bayani a hankali kamar mai lallashin jariri. Kaka kuwa duk layin an san ta da kallon kokawa. Ƙarfe uku da rabi in ta yi, ko baƙo daga wata duniya ya zo sai ya jira a gama. Na duba lambar tashar: tara, lambarta ta kullum. Na duba agogon bango: uku da kwata. Ita ma na kama ta tana satar kallonsa.

"Kaka, yaushe kika fara kiwon kifi?"

"Ina ruwanka?"

"Ina kokawar?"

"Na tuba. Kifi ya fi hankali, ba ya dukan kowa."

"Ƙarya kike, tsohuwa! Kamfani ya sake jera tashoshi da aka yi sauyin nan, kokawarki ta yi ƙaura, kin rasa sabon gidanta! Tun safe kike zaune da kifi!"

"Mai kebul zai zo ya nemo min."

"Yau? Rabin gari na kiransa. Sai jibi in kin yi sa'a. Kafin nan kin haddace sunan kowane kifi da na kakansa."

Ta danna rimot da babban yatsa kamar mai kashe kwarkwata. Goma, masu sayar da tukwane. Sha ɗaya, wani mai taye a wuya yana nuna gajimare. Ta dawo tara. Kifi.

"Kwankwason mai jan wando ne ya goce a makon jiya," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Yau zai rama."

"Allah sarki. Zai rama ba ki gani ba."

"Ɗan banza."

"Jikan wa? Ba ni gishiri in ba ki manda. Ɗaga ƙafa, in nemo miki shi."

"Nemo tukuna."

"Ɗaga tukuna."

"Kai da ka juya sanarwar gari guda, in ba ka rimot ka mayar min da kifin ma yayyafi?"

"Wannan kuskuren bugawa ne daga wurinsu."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi. To ji sharaɗina. Likita ya ce kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa. In ka ɗauke kwalin, me zan taka? Kanka?"

"Akwai filo."

"Filo na kai ne. Leƙa ƙarƙashin gado, littattafanka na makaranta suna nan tun ranar da ka tafi hutu. Sababbi ƙal, ko yatsa bai ɓata su ba."

Uku da minti ashirin da biyar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na rarrafa na jawo su, na kaɗe ƙura, na jera uku: lissafi, kimiyya, da wani da ban ma tuna an taɓa ba mu shi ba. Na karɓi rimot na shiga neman tashoshi, ita kuma tana tsaye a kaina da baki.

"Ka wuce! Koma! Wancan ba shi ba ne?"

"Wancan mai karanta labarai ne, Kaka."

"Ya yi kama da shi ta wuya."

A lamba arba'in da uku sai ga ƙato ya faɗo daga kan igiya, jan wando har gwiwa. Kaka ta buga tafi, ta ƙyalƙyale da dariya har haƙoran nan uku suka fito gaisuwa. Ta ɗaga ƙafar da kanta. Na zare kwalin, na tura littattafan, ta sauke dunduniya a kan kimiyya ta gyara zama.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yau dai karatunka ya amfani wani. Ɗauki, na ba ka. In an gama wasan ka kai wa tela ya ɗana, ko ya bar maka wuyanka."

Na rungume kwalin a ƙirji, na miƙe tsakiyar ɗaki, na gyara murya.

"Jama'a ku shaida! Yau injiniya ya ceto tsohuwa daga bakin kifi! Za a rubuta wannan rana, jikoki su ba jikoki labari, a ce akwai wani saurayi mai basira wanda..."

"Matsa," ta ce. "Ka tare min hoto."