Rasuwar Rufin Asiri, Ɗamarar Matse Tumbina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tumbin da yanzu ba shi da mai tsawata masa, ni Kwaku Oteng Amankwa na unguwar Bantama a Kumasi, a madadin kaina da ƙanwata Akosuwa Dufie da ɗaukacin tufafin da ke cikin akwatina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da magulmatan da suka riga ni baza labarin, rasuwar abokiyar sirrina, ɗamarar matse tumbina, wadda a gida muke kira Rufin Asiri. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da ta wuce da rana tsaka, a tsakar gidan Maame Afrakoma, a gaban Nana sarkin unguwarmu da dattawansa da mutanen da ko gayyatarsu ba a yi ba. Ta rasu tana bakin aiki.

Ba mu san ranar haihuwar marigayiya ba. Rubutun da ke jikin 'yar takardar gefenta ya goge tun kafin ta iso hannunmu, abin da ya rage kawai shi ne gargaɗin kada a ɗora mata dutsen guga. Ta shigo ƙasar nan cikin dilar gwanjo, irin kayan da muke ce wa na Baturen da ya mutu. Daga launinta, wanda ya yi kama da shayin da madara ta yi wa yawa, da 'yan furannin da aka saƙa mata a baki, mun fahimci cewa ta fara aiki ne a jikin wata Baturiya mai ƙiba. Ba mu taɓa yi mata gorin wannan ba.

Dufie ce ta tsinto ta a rumfarta ta gwanjo da ke kasuwar Kejetia. A lokacin na daɗe da rasa matata, na soma tsayawa gaban madubi fiye da kima, kuma kowa ya gane ba don Allah kaɗai nake halartar jana'izar mutanen da ban sani ba duk ranar Asabar. Wanda ya haura hamsin yana neman aure a garin nan, in ba a rumfar makoki ba ina zai ga zawarawa a jere? Dufie ta wurgo min ita a cinya, ta ce:

"Bra Kwaku, yayana, ɗaura wannan. Kai fa in ka shigo gaisuwa sai mutane su ɗauka tulun bammi ne aka kawo. Wace macen ce za ta tsaya kallon tulu?"

Na ce mata ai wannan ta mata ce. Ta ce tumbi ba ruwansa da mace ko namiji, in ɗaura kawai in daina ɓata mata lokaci.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai riƙon amana, mai ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta ba tare da ta kai ƙara ko'ina ba. Ba ta da son nuna kai. Duk tsawon zamanmu tana ƙarƙashin zanen makokina, baƙi ne ko ja, tana aikin da wasu suke yaba wa motsa jiki. Ba ta da yawan magana, amma muryarta tana kunnena har yanzu. Da safe in na jingina da ƙofa na zuƙe numfashi, ƙugiyoyinta kan shiga ɗaya bayan ɗaya, "ƙyas, ƙyas, ƙyas." In na zauna a kujerar roba takan ce "ƙiiir" a hankali, ni kuma sai in yi tari da ƙarfi don in rufa mata asiri kamar yadda take rufa min. In muka dawo gida na kwance ta, akwai wani dogon "fuuu" da kan cika ɗakin, wanda har yau ban tantance nata ne ko nawa ba.

Ta wurinta na san garina. Wanda ke ɗaure yana gane ɗan uwansa daga nesa, daga yadda yake zama a bakin kujera da yadda yake dariya rabi-rabi. Don haka ina shaida wa jama'a cewa ba duk hawayen da ake zubarwa a rumfunan Asabar ba ne na mamaci, wani hawayen na matsi ne. Na ga manyan mata sun ɗora jakunkunan da aka rantse daga Italiya suke a kan cinya, sun juya tambarin yana kallon jama'a, kafin a tashi rana ta narkar da gam, tambarin ya karkace. Na ga dattawa masu baƙin gashi sul suna gumi, gumin yana sauka baƙi a ƙeya. Ba wanda na taɓa tona wa asiri, domin mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo.

Ita ce kuma ta koya min sabon salon gaishe da Nana. Kowa kan sauke zane daga kafaɗa, ya zare ƙafa daga takalmi, ya rusuna. Ni kuwa sai in sauke zanen iya ƙirji in dafe shi, in sunkuyar da wuya kaɗai, don daga ƙirji zuwa ƙugu jikina ba ya lanƙwasa. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce na taɓa aikin soja. Ni da na ƙare rayuwata ina koya wa mutane tuƙin mota, ban musa wa kowa ba.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma tarihi ba ya cika sai da gaskiya. Marigayiya ba ta son abinci, kuma ba ta son ta ga an ci.

Wannan bai dame ni ba sai da na soma zuwa gidan Maame Afrakoma, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Bantama, wadda mijinta ya rasu bara. Tana cikin baƙaƙen kaya, ba halin a yi mata maganar aure, amma gaisuwa ba laifi ba ce, kuma duk Lahadi bayan an taso daga coci takan ciyar da masu zuwa gaisuwa. Ina son matar nan, ba na jin kunyar rubuta haka ko a takardar mutuwa. Tana da dariyar da ke sa mutum ya manta shekarunsa, kuma fufunta, sakwarar rogo da ayaba, da miyar kwakwa, da dodon koɗi da naman akuya a ciki, sun isa su sa mai azumi ya sake shawara. Sai dai da na kai loma ta uku marigayiya takan ce "ƙiiir," ta huɗu kuma ba ta da wurin sauka. Haka zan wanke hannu in ture kasko kusan a cike.

A gefena kuwa akwai Opanin Boadu, dillalin kayan gyaran mota a Suame, wanda shi ma gaisuwar yake zuwa da irin niyyata. Shi tumbinsa sake yake kamar akuyar da ba ta da mai ita. Yakan share kasko, ya ɗaga shi ya shanye romon, ya yi gyatsa, ya tambaya ko da saura a tukunya. Ina kallon yadda fuskar Maame Afrakoma ke washewa in tana ƙara masa, abin yana ci na a rai. Wata Lahadi ta tsaya a kaina, ta dubi kaskona, ta kira ni Wofa, wato kawu, ta ce:

"Wofa Kwaku, hannuna ne bai yi maka ba, ko akwai wadda take riga ni cika ka kafin ka iso?"

Na ce likita ne ya hana ni cin abinci da yawa.

"To, madalla da likita," in ji ta. "Sai ya riƙa daka maka fufun ma."

Rashin lafiyar marigayiya ta soma ne da daminar bana. Robarta ta fara saki, tsatsa ta kama ƙugiya biyu, muryarta ta koma "ƙirit, ƙirit" ko ban motsa ba. Dufie ta yi mata aiki da zare da allura, ta dafa mata da wani babban fil, ta ce a bar ta ta huta. Ban bar ta ba, domin ranar cika shekara da rasuwar mijin Maame Afrakoma ta gabato, ranar da za ta tuɓe baƙi ta sa fari, kuma kowa ya san daga ranar za ta iya amsa wa wanda ta ga dama.

Ranar ta zo. Tsakar gida ta cika, makaɗa suna aiki, Boadu ya iso da rago da sabon zane. Ni na zauna a bakin kujera, miƙe kamar taɓarya. Maame Afrakoma da kanta ta ɗauko kasko mafi girma ta dire a gabana, ta sunkuyo yadda ba mai ji sai ni.

"Wannan ni na juya shi a turmi da hannuna, ban ba kowa ba. In ka bar loma ɗaya, Wofa Kwaku, ka huta da zuwa gidan nan. Na binne miji ɗaya. Ba zan ɗauko wanda ko dai ciwo yake ɓoye min ko raina girkina yake yi ba."

Na dubi kaskon, na dafa marigayiya ta saman zane, na nemi gafararta a zuci, na wanke hannu. Ta jure fiye da yadda na zata. Sai da na kai tsakiya na ji "ɗas," ƙugiyar sama ta tafi. Na ci gaba. "Ɗas." Na haɗa da dodon koɗin. "Ɗas." Gumi yana zuba, idona yana ruwa, wata tsohuwa a gefe har tana cewa kai, Kwaku ya ji mutuwar nan. Na share kaskon tas, na ɗaga na shanye romon kamar yadda na ga Boadu yana yi. A lokacin fil ɗin Dufie kaɗai ke riƙe da ran marigayiya.

Da an bar mu mun zauna, da wataƙila mun kai gida. Sai ga Nana ya iso ƙarƙashin laimarsa, maza suka yi layin gaisuwa. Da aka zo kaina na sauke zane, na zare ƙafa daga takalmi, kuma saboda babu sauran ƙugiyar da za ta hana ni, jikina ya rusuna har ƙasa kamar na kowa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tas!" Fil ya yi tsalle, ita kuma ta sulalo ta ƙarƙashin zane ta kwanta a kan ƙafafuna, furanninta suna kallon sama.

Kiɗa ya tsaya. Boadu ne ya fara magana, daga inda yake zaune.

"Kai, Kwaku ya sauka lafiya! Mace aka samu ko namiji?"

Mai magana da yawun Nana ya buga sandarsa aka yi shiru, ya nuna ta da bakin sandar ya ce, "Nana yana tambaya, wannan kayan na wace baiwar Allah ce?"

Nan na ga abin da ke gabana. Kayan mata ne ya faɗo daga zanen mai neman aure, a gidan matar da yake nema. In na yi shiru za a ce akwai wata, in na yi magana Bantama ta samu abin dariya har jikoki. Na hango Maame Afrakoma tsaye cikin farin zanenta, ba ta dariya. Na saki numfashin da na daɗe ina riƙewa, tumbin ya fito gaba ɗaya ya gaishe da Nana, na ce:

"Nana, tawa ce. Ni nake ɗaura ta."

Ba zan bayyana dariyar da aka yi ba, don takardar nan ta makoki ce. Maame Afrakoma ta tako ta ɗauki gawar da yatsa biyu, ta dube ta, ta dubi kaskon da na share, ta dubi tumbin. Ta ce, "Ashe wannan ce likitan." Ta shige ɗaki da ita.

Marigayiya ta rasu ta bar wandunan coci biyu da yanzu ba sa rufuwa, da bel mai kan zinariya wanda raminsa na ƙarshe ya yi kaɗan, da kwat ɗin da aka auna ni tana jikina, da kwalbar baƙin gashi, wadda ita ma tun ranar jikinta ya yi sanyi. Ta kuma bar ɗan riƙonta, tumbi, wanda a yanzu yake yawo ba mai kwaɓa. Ni kaina tun ranar ban leƙa ko bakin titi ba. Masu tasi suna rage gudu a ƙofar gidana su ce "ɗas, ɗas," kuma abin da ya fi wannan ciwo shi ne ban san ko mace mai mutunci za ta karɓi mutumin da gari ke yi wa dariya ba.

Game da jana'iza, dangi sun so a bi al'ada, a ajiye gawa a firji wata da watanni ana gardama, a buga manyan hotuna a manna a kowace mararraba. Dufie ta so a ba ta ita ta gyara ta mayar rumfa. Da ta je karɓowa jiya, Maame Afrakoma ta hana, ta ce abin da ya mutu a gidanta a gidanta za a binne shi.

Saboda haka za a yi jana'izar Rufin Asiri ranar Lahadi mai zuwa bayan an taso daga coci, a bayan madafar Maame Afrakoma, gindin ayaba. Kayan da za a sa shi ne duk abin da mutum zai iya numfashi a ciki. Masu ɗaure da 'yan uwan marigayiya a ƙarƙashin kaya, maza da mata, kun san kanku, ana roƙonku ku bar su a gida su yi makoki. Ba za a ajiye teburin karɓar gudummawa ba. Ana gayyatar Opanin Boadu, amma mai gida ta ce ya ci abincinsa kafin ya taho.

Ni kuwa, babban mai makoki, ga saƙon da ta ba Dufie ta kawo min, na rubuta shi yadda ya fito daga bakinta:

"Ki ce wa yayanki ya zo da wuri, ya zauna kusa da turmi. Kuma ya taho min da cikinsa duka, kada ya bar rabi a ɗaure."

Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya kuma sa kasko na biyu ya samu wurin zama.