Ƙwan Kulɓa a Gindin Randa

"Ina gajiya, tsohuwar amaryata?"

"Da babu. Yanzu ta shigo, da hula a karkace."

Wata guda ke nan da sojoji suka koma bariki, Maharazu kuma, jikan 'Yardada, ya zama kansila a Dukawuya. Aikin raya ƙasa na farko da ya sa a gaba shi ne sayo wa kakarsa durom ɗin roba, a fitar da tsohuwar randarta. Ita kuwa ta san abin da ke gindin randar: ƙwan kulɓa biyar, kwance a danshin ƙasa.

"Yau randar nan za ta bar gida," in ji shi. "Ci gaba ya zo."

"Ci gaban ne shuɗi haka, yana warin taya? Kulɓata ta yi ƙwai. Ba mai ɗaga randa sai sun ƙyanƙyashe."

"Mutane na kiwon tumaki, ke kina kiwon ƙanwar maciji."

"Ta fi ka aiki. Hantsi na yi ta fito ta sha rana, ta bi gindin katanga ta cinye gara da kyankyasai. Kuma ba ta taɓa yi mini alkawarin famfo ba."

"An ce wanda ta ciza ba ya kwana."

"Wa ta taɓa ciza? Mage ma in ta kama ta, wutsiya take bar mata ta tsere, wata ta tsiro. Kai da aka fizge maka hula ranar kamfe, kwana uku kana zazzaɓi."

"Da kansila fa kike magana."

"Ni na wanke wa kansilan kashi."

Maharazu ya naɗe hannun riga, ya kama wuyan randa. Kulɓa ta sulalo, ta bi ta kan takalminsa. Mai girma kansila ya tsinci kansa a bisa turmi, babbar riga a wuya.

"Tsayin katangarki nake dubawa," ya ce.

"Duba da kyau. Gobe akwai suna a gidan Mailafiya, duk matan da suka zaɓe ka za su zo. Su ma za su so jin labarin katangar."

Dariya ta ƙwace masa.

"Kwana nawa ƙwan suke yi?"

"Ba sa gaggawa. Irin aikinku ne."

"A bar randa. Durom ki zuba gero. Ga goro, ki toshe bakin nan da ba haƙori."

'Yardada ta karɓe, ta ƙulle a bakin zane.

"Sauko a hankali, angona. Turmin na aro ne."