Mai Gaisuwa a Gaba, Mai Gudu a Baya

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar zama?"

"Gajiya ai tana wurinka, mai gudun da babu wanda ya koro shi," in ji Kaka Cecilia. "Me ka rungumo haka?"

"Kabewa."

Ina kan tsani a lokacin, ina gyaran katangar gidanta da ke ƙauyen Kona, wadda ruwan sama ya zubar da gefe ɗaya. Jikanta Tobias ne ya shigo da gajeren wando da takalmin kambas, jiƙe da gumi, aljihunsa cike da ɗanyar gyaɗa. Kwanansa uku a gidan. Ya baro unguwarsu ta Nukkai ne don neman hanyar gudu a bayan gari, saboda a cikin Jalingo masu keke ba sa barin mutum ya yi taku ashirin a jere. Saura kwana tara a yi gwajin ɗaukar aikin kaki, kilomita uku cikin minti goma sha biyar. Bara gudun ne ya kayar da shi. Bana kuma ita ce damarsa ta ƙarshe, daga ita shekarunsa sun wuce ƙa'ida.

"Minti nawa yau, maigida?"

"Awa ɗaya da minti goma."

"Kilomita ukun?"

"Su."

"Wannan ba gudu ba ne, jinya ce. Ina budurwa, da buhun masara a kaina nake zuwa Kasuwar Jalingo in dawo, kunun da na bari bai huce ba."

"A zamaninki ai ba a ƙera agogo ba, kowa abin da ya ga dama yake faɗa. Kuma ba ƙafata ce ta hana ni ba, mutanenki ne. Sau goma sha ɗaya na tsaya gaisuwa. Kowa sai ya tambayi babana, ya tambayi mamana, sannan ya tambaya ko kina nan da rai."

"Ka ce musu me?"

"Na ce muna dai ta jira."

"Sai ka yi furfura kana jira. Ni zan raba shinkafa ranar jana'izarka."

Ya dire kabewar a gabanta, amma bai zauna ba. Ya je bakin rijiya ya dawo, ya ciro waya, ya mayar aljihu, ya sake cirowa.

"Ke ce fa kika ce in riƙa gaishe su," ya ce.

"Da in bari ka tashi garin? Ranar Litinin ka bi hanyar rafi a guje, ko kallon mutane ba ka yi ba. Matan da ke wanki suka watse cikin dawa. Zulai har yau ba ta ga bahonta ba."

"Wa ya ce su gudu?"

"A nan idan aka ga namiji a guje da sassafe, ba a tsayawa tambaya. Goyo ake ɗauka a bi bayansa. Mun ga irin wannan gudun, kuma ba na wasa ba ne."

Ya koma danne-dannen wayarsa. Ni ma na ci gaba da aikina, don gaskiya ta faɗa.

"To Talata fa?" ya ce. "Ai na sauya hanya, na bi gindin dutse."

"Ka bi ta gaban rugar Abbo, ya ɗaga maka hannu, ka wuce kamar ka ga kututture. Tsohon nan da sandarsa ya tako har ɗakina, wai in faɗa masa laifin da ya yi wa gidanmu. Shekara arba'in muna shan nonon shanunsa. Kai kanka da shi aka yaye ka, ga shi bai amfane ka da komai ba."

"Ni da nonon gwangwani aka yaye ni."

"Shi ya sa ƙafafun suka fito kamar tsinken tsire."

Ya miƙo mata wayar. "Duba nan. Taswira ta nuna wata hanya ta bayan makaranta, miƙaƙƙiya, babu gida ko ɗaya."

"Wayar ta gaya maka gonar wa ke wurin?"

"Gona dai."

"Ta surukan kawunka ce. Su ba a gaishe su a tsaye, sai ka durƙusa. Ka ƙara rabin awa a lissafinka."

"Wannan ta gefen kwalbati fa?"

"Ta Maishanu ce. Kurma ne, sai ka maimaita gaisuwar sau uku."

"Wato duk faɗin dajin nan babu inda mutum zai yi gudu ba tare da ya taka dangi ba?"

"Akwai maƙabarta. Can ma kakanka yana kwance, kuma shi ya fi kowa son a gaishe shi."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan turmi, ya fara kwance igiyar takalminsa.

"Idan na gaishe su, agogo ya cinye ni. Idan ban gaishe su ba, na zubar miki da mutunci. Gara in koma Nukkai in ci gaba da wankin mota. Dama shi na iya."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa.

"Ka ga irin mijin da Allah ya ba ni," ta ce. "Ko farawa ba a yi ba, ya kwance takalmi." Sai ta ɗaga kai wajena. "Manga, mashin ɗinka yana da mai?"

Na ce yana da shi.

"Gobe ƙarfe shida."

Na ce, "Mama, katangar fa?"

"Katanga ba ta da gwaji."

Washegari na same ta a ƙofar gida ta sha ɗamara da gyale, ta ɗaura kallabinta na zuwa coci. Sai da muka haɗu mu biyu muka ɗora ta a bayan mashin.

"Ina za ki je, tsohuwa?" in ji Tobias.

"Gaisuwa. Kai dai ka biyo mu a baya, ka rufe bakinka. Shekara ashirin da tara ina jira ka biyo ni da gudu, sai yau Allah ya yi."

"Idan kika faɗo, ba zan tsaya ba fa."

"Ka fara kamo ni tukuna."

Muka kama hanyar rafi don mu zagaya ta gindin dutse mu dawo ta kwalbati, mu a gaba, shi a baya. Tun daga nesa take buɗe murya.

"Sannunku da aiki! Jikana ne ke tafe, lafiya lau, rashin aikin yi ne ya koro shi. Babansa lafiya, mamansa lafiya, ni ma ga ni ban mutu ba."

Masu noma suka ɗago, suka amsa, suka koma kan fartanya. Matan rafi babu wadda ta motsa, sai ma tafi da suka yi masa. A rugar Abbo ta gaishe shi da Fillanci, ya ɗaga sanda sama ya amsa, har ya kore ɗan maraƙi daga kan hanya. Wajen kwalbati ta kwarara wa Maishanu gaisuwa sau uku a cikin kunnena, har yanzu kunnen yana ƙara. Zulai kaɗai ta tare mu da doya biyu. Kaka ta sa na taka birki, ta karɓe, ta ce shi hannunsa ba na riƙe kaya ba ne yau.

Ina jin numfashinsa a bayanmu kamar zuga-zugin maƙeri. Bai tsaya ba ko sau ɗaya.

A ƙofar gida ya dafa gwiwoyinsa, ya duba waya.

"Goma sha biyar da daƙiƙa ashirin."

"Ka faɗi ke nan," ta ce. Muryarta ta dishe, da ƙyar take fita.

"Daƙiƙa ashirin ɗin nan taki ce. Kun tare mini hanya a kan doya."

"Doyar da za ka ci? Gobe ka ce wa Zulai ta jefo ta."

Ta yunƙura za ta sauko, bayanta ya ƙi. Ta sake gwadawa, ta cije leɓe. Tobias ya zo ya ɗauke ta cak, ya ajiye ta a kan tabarma.

"Ina mai zuwa kasuwa da buhu a ka?"

"Mashin ɗin Manga ne ba shi da tarbiyya."

"Ki huta gobe. Ai sun gane ni yanzu."

"Kwana ɗaya ba ya isa a gane mahaukaci. Saura takwas, duk da ni za a yi."

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya shiga ɗaki. Ya fito da matashin kansa, ya ɗaure shi tam a kujerar bayan mashin da igiyar roba, ya danna da hannu ya ji laushinsa.

"Na sallama, amarya. Ke kika riga ni isowa."

"Da me za ka ta da kai?"

"Da kabewa."

Ta buɗe baki za ta rama, murya ta ƙi fita. Sai dariya kawai, kafaɗunta suna rawa, tana nuna shi da doya.