Rasuwar Ɗan Kunkuru, Linzamin Kwamfutar Malam Kosga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa inda zai kwanta, ni Kosga Ambroise, tsohon malamin labarin ƙasa mazaunin Tchatibali, nake sanar da 'yan'uwana na ƙungiyar malamai masu ritaya, da tsofaffin ɗalibaina, da maƙwabta, rasuwar linzamin kwamfutata, wanda wasunku suka sani da suna Ɗan Kunkuru. An tabbatar da cikawarsa ranar wata Asabar da hantsi, mako huɗu da suka wuce, a kan teburin da ya yi wa hidima shekara goma sha ɗaya. Na yi jinkirin sanarwa saboda wani dalili da zan faɗa a ƙasa, idan kun yi haƙuri kun bi ni a hankali.

Kada wani ya ɗauka ina wasa da mutuwa. Na san ta. Ta shigo gidan nan shekara shida da suka wuce ta tafi da matata Maïpa, kuma da yawanku kun zauna tare da ni a kwanakin nan. Ita ce ma ta raɗa wa marigayin suna. Ranar da aka fito da shi daga kwali ta juya shi a tafin hannunta, ta dubi ƙusumbin bayansa, ta ce wannan ai ɗan kunkuru ne aka ɗaura wa igiya. Sunan ya bi shi har ƙarshe.

Ya zo daga Maroua tare da wata tsohuwar kwamfuta wadda kowa ya ce ta gama yayi. Abokina Dourwé Célestin, wanda ya koyar da lissafi a Doukoula, wanda muka yi kiwon shanu tare tun ba mu san wando ba, shi ne ya ce kada in kuskura in yar da ita. Ya zo da wata 'yar ma'ajiya a aljihu, ya share abin da ke cikin kwamfutar, ya ɗora mata Linux, tsarin nan da jama'a ke ginawa suna rabawa kyauta. Tsohuwa ta farfaɗo kamar an ba ta kunu. Da na fara godiya sai ya tsayar da ni.

"Ajiye godiyarka, Kosga. Mu masu Linux haka muke yi: wanda ya ɗora maka, shi zai amsa kukanka. Ko bayan shekara ashirin ne, in ta yi tari, ni za ka kira."

Marigayin ya kasance mai haƙuri. Da shi na zana taswirar tafkin Chadi fiye da sau ɗari don matasan malamai da ke zuwa neman tambayoyin jarrabawa. Idan na latsa inda bai kamata ba, bai taɓa nuna mini cewa na tsufa ba, sai ya mayar da ni baya mu sake. Bai taɓa latsa sau biyu inda aka ce sau ɗaya ba. Abincinsa 'yar wutar da farantin sola ya rage, shimfiɗarsa bangon wani tsohon littafin taswira. Ba shi da yawan magana. Ƙyas, in ya yarda. Ƙyas-ƙyas, in zai buɗe wani abu. In an murza 'yar tayar da ke bayansa kuwa sai ya ce kirrr, ƙasa-ƙasa, kamar kazar da ke kiran 'ya'yanta. Akwai ranakun da, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba wanda ya amsa mini a ɗakin nan sai shi.

Yanzu zan yi bayanin jinyarsa, kuma a nan ne nake roƙon ku saurara da kyau.

Ciwonsa na farko ya zo wata biyar bayan an binne Maïpa, lokacin da masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, kamar yadda ya kamata, don kowa na da gonarsa. Na kunna kwamfuta da safe, kibiyar nan da ke yawo a allo ta tsaya cik a tsakiya. Na tura linzami gabas, na tura shi yamma, ba ta motsa ba. Kwamfuta ta daina ganinsa. Na kira Célestin, ya hau babur ya zo. Ashe wajen shara ne tsintsiya ta ja wayar, kanta ya ɗan fito daga raminsa a bayan kwamfuta. Ya mayar, kibiya ta tashi. Lokacin kuwa Maman Houli, matar ƙanena da ke dafa mini abinci, ta shigo da tuwon jar dawa da miyar yakuwa. Célestin ya wanke hannu. Wannan ne karo na farko tun rasuwar matata da wani ya sa hannu a kwano ɗaya da ni. Muka yi ta musu a kan ko wane ne a cikinmu ya ɓatar da jan bijimin kawun Célestin shekara hamsin baya, har inuwa ta juya.

Kun san mu. Namijin da ya haura sittin ba ya kiran ɗan'uwansa ya ƙona mai, ya sha gargadar hanya, don kawai yana son ganinsa. Sai da dalili: biki, ko makoki, ko saniya ta ɓata, ko wani abu ya lalace. Ni kuwa ba ni da biki, makokina ya ƙare, shanuna suna hannun ƙanena.

Saboda haka, bayan mako biyu, ranar Juma'a da yamma, na durƙusa a bayan kwamfuta na ja kan wayar da hannuna. Ban cire shi duka ba. Rabi kawai, yadda ido zai ga kamar yana ciki. Sannan na ɗauki waya.

"Célestin, kwamfuta ba ta ganin linzami."

"Kuma? Kai tsoho, da hannu kake riƙe shi ko da fartanya?"

"Ka zo dai ka gani, injiniyan ƙauye."

"To, ka gaya wa Maman Houli ta sa busasshen kifi. Ba na gyara a kan yakuwa zalla."

Haka muka yi shekara biyar da rabi, sau biyu a wata, wani watan sau uku. Zai iso ranar Asabar da hantsi, ya sa tabarau, ya buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ya yi ta bugawa yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da bai so ba. Zai yi mini bayani, ni kuma in rubuta a littafi kamar ɗalibin kirki. Sai an kusa sauke tuwo zai miƙa hannu baya, ya yi ɗan laluben nan, kibiya ta motsa. Marigayin bai taɓa tona mini asiri ba. Ana ja yana shiru, ana mayarwa yana komawa bakin aiki.

Ciwon ajali ya zo ranar Laraba, a cikin Satumba, ba tare da na taɓa komai ba. Kibiya ta tsaya. Na leƙa baya na ga kan waya yana ciki daram. Na cire na mayar, shiru. Na canza masa rami, na bi dukkan ramukan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na kashe kwamfuta na kunna. Jan hasken da ke ƙarƙashin cikinsa yana kamawa yana ɗaukewa. Na buɗe littafina, na rubuta umarnin da ke lissafo duk abin da aka jona wa kwamfuta, lsusb. Sunan madannan rubutu ya fito. Nasa bai fito ba. A lokacin ne na kira Célestin.

"Laraba?" in ji shi. "Yau ciwon ya canza rana?"

Ya zo ranar Asabar duk da ruwan da aka yi, wandonsa duk taɓo har gwiwa, don wani wurin tura babur ɗin ya yi. Bai buɗe baƙar taga ba. Kai tsaye ya zagaya bayan kwamfuta ya taɓa kan wayar. Da ya ji yana ciki sosai sai ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta canza. Daga nan ya yi aiki da sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Ya karanta rahoton da tsarin ke rubutawa duk lokacin da aka jona wani abu, ya ce kwamfuta tana jin ana ƙwanƙwasa ƙofa amma ba ta jin sunan mai ƙwanƙwasawa. Ya jona nasa linzamin, ya yi aiki nan take. Ya jona nawa a 'yar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ita ma ba ta gan shi ba. Ina so a shaida a nan cewa Linux ba ta da laifi ko kaɗan, haka ma kwamfutar.

Daga ƙarshe ya kama wayar daidai wuyanta, inda ta haɗu da kai, ya lanƙwasa a hankali. Jan haske ya kama. Ya saki, ya mutu. Ya sake lanƙwasawa, bai ƙara kamawa ba.

"Ya tafi," ya ce. Ya daɗe yana murza wurin da yatsa. "Kosga, ba tsufa ne ya kashe wayar nan ba. Ja ne. Ta ciki ta tsinke, irin tsinkewar abin da ake ja ana mayarwa."

Na ce wataƙila akuya ce, tana shigowa wani lokaci.

"Lallai," in ji shi. "Akuyar gidan nan mai ilimi ce. Tana da kalanda. Juma'a kaɗai take aiki."

Dariya ya kamata in yi. Da na yi, da ba ku karanta wannan sanarwa ba. Amma kunya ta hana ni, na sunkuyar da kai. Muka ci tuwo ba musu, ba tsiya. Ya leƙa sama ya ce hadari na haɗuwa, ya tayar da babur tun rana na tsaka.

'Yata Maïwaye, wadda ke aikin jinya a Douala, ta ji labari daga Maman Houli. Yarinya ce mai tausayi. Ta sa sabon linzami a motar haya, marar waya, baƙi sumul. Ta kuma kira Célestin da kanta ta ce, "Baba Célestin, ka huta haka nan. Kai ma ba yaro ba ne, hanyar nan ta ishe ka. Na aika masa da wanda ba ya lalacewa." Gaskiya ta faɗa. Na soka ɗan ƙaramin kan da ya zo da shi a ramin kwamfuta, kafin in gyara zama kibiya ta riga ta fara yawo. Ba ya ko ƙyas, latsawarsa shiru ce. Ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri.

Asabar uku ke nan ban ji ƙarar babur a ƙofar gida ba. Kowace safiyar Asabar Maman Houli takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, in sa kifin ko in bari?" In ce ta sa. Juma'ar da ta wuce na buɗe murfin batirin sabon, na dube shi, na mayar na rufe.

A cikin makonnin nan na sake karanta littafin da nake rubuta darussan Célestin. A shafi na farko, da rubutun hannuna, ga abin da ya fara koya mini: in kwamfuta ba ta ga wani abu ba, fara duba waya kafin komai. Shekara biyar da rabi mutumin nan yana duba waya a ƙarshe. Na yi shekara talatin da huɗu a aji, na san ɗalibin da ya san amsa amma yake jan alƙalami don kada a sallame shi da wuri, kuma ban gane shi ba yana zaune a kan kujerata. Abin da ban sani ba har yanzu shi ne ko fushi ya yi da shirun da na yi masa, ko kuwa shi ma yana zaune ne a Doukoula, babur a jingine, ba shi da dalilin tasowa.

Marigayin ya rasu ya bar madannan rubutu, abokin zamansa, wanda harafinsa ɗaya ke maƙalewa. Ya bar allo, da bangon littafin taswira da ya goge har tekun Atlantika ya yi fari. Ya bar kibiya, wadda ta koma hannun wani ba ta ko yi takaba ba, ban kuma riƙe ta a zuci ba. Ya bar ni, wanda ya yi sanadinsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a gidana da ke bayan makarantar firamare. Ba za a sa shi a ƙasa ba, don na koya wa yawancinku abin da roba ke yi wa ƙasar noma, ba zan ƙaryata kaina da tsufa ba. Za a naɗe wayarsa a jikinsa, a sa shi a cikin gwangwanin madara mai tsabta, a ɗora a saman kabad. Ba a buƙatar gudummawa ko dogon jawabi. Akwai tuwo, akwai tulu ɗaya na burkutu ga masu sha, akwai shayi ga sauran. Wanda hanya ta hana shi zuwa, na karɓi uzurinsa tun yanzu, ban da mutum ɗaya.

Wanda ya yi jinyar marigayi shi zai rufe gwangwanin, ba wani ba.

Célestin, na san kana karanta duk abin da aka aiko ƙungiya, ko da kana cewa ba ka da lokaci. Ni ne akuyar. Wannan jana'iza ita ce dalili na ƙarshe da ya rage mini, kuma ga shi na faɗa a gaban kowa cewa dalili ne kawai. Kwamfuta lafiyarta ƙalau. Ba abin da ya lalace a gidan nan, ba kuma zan ƙara lalata komai ba. Asabar ɗin bayan wannan ba ni da abin binnewa, amma ka zo haka nan.

Ba za a fara ba sai ka iso.

Kosga Ambroise,
Tchatibali.