Ranar da Na Tafi Masallaci da Intanet ɗin Shago

Da bakina na hana Oga Emeka, mai shagon wayoyi a Sabon Gari, sayen na'urar tsaron intanet. Na ce akwai manhajar fayawol kyauta mai yin wannan aikin tsaron. Na ƙirƙiri wata kwamfuta ta manhaja, ba ta ƙarfe ba, a cikin laftof ɗina, na girka manhajar a kanta, na bi da intanet ɗin shagon ta ciki. Sai na rufe laftof, na goya jaka, na tafi Juma'a Fagge.

Na dawo na tarar intanet ya ɗauke. Awa biyu ina cire wayar intanet ina mayarwa, ina tsine wa kamfanin layi, jakar tana bayana.

Matar Oga Emeka ta ce, "Malam, wai ina abin da ka girka yake?"

Har yau in na miƙe, sai Oga Emeka ya ce, "Injiniya, ajiye mana intanet tukuna."