Kalandar Sanata Sikeli

A duk majalisar dattawan jiharmu, kai, a duk faɗin Amurka ma, Allah bai yi gwanin gane maƙaryaci kamar Sanata Thaddeus Brumley ba. Shi ya gaya mana da bakinsa, kuma babban mutum ai ba ya ƙarya. Kallo ɗaya zai yi maka ta saman tabarau ya auna ka. Shi ya sa muke ce masa Sikeli. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa sunan a jikin kofinsa.

Ranar nuna bajintarsa ita ce ranar tantance Alƙali Alden Pruitt, wanda gwamna ke so ya ɗora a babbar kotun jiha. Wata tsohuwar akawun kotu, Lorna Vasko, ta rantse cewa shekara ashirin da biyu da suka wuce Pruitt ya kulle ofis ya yi mata fyaɗe. Tun da ta buɗe baki ake jifan gidanta da ƙwai, ana bugo mata waya ana zagi. In kwamiti ya ƙi gaskata ta, Pruitt ya haye, ita kuwa ta ƙare rayuwarta da sunan maƙaryaciya. Kwamitin ya rabu biyu cif, ƙuri'ar Sikeli ce za ta raba gardama.

Minti biyar ake ba kowane sanata ya yi tambaya. Sikeli ya cinye huɗu yana shaida wa duniya cewa mahaifiyarsa mace ce, matarsa ma mace, saboda haka ba mai koya masa darajar mata. Sannan ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Madam, labulen ofishin wane launi ne? Ba ki tuna ba. Talata ce ko Laraba? Ba ki sani ba." Bai ko jira ta amsa ba. Ya juya wajen masu ɗaukar hoto. "Ni nan da kuke gani ban taɓa mance takarda ba. Duk wasiƙar da talaka ya aiko mini, da idona nake karantawa, da hannuna nake amsawa. Macen da aka yi wa wannan abu ba ta yin shiru shekara ashirin da biyu! Me ya hana ki kai kuka?"

"Na kai, ranka ya daɗe," in ji Lorna. "Shugaban ofis ya ce in rufa wa kaina asiri. Sai na rubuta wa sanatan mazaɓarmu, shafi huɗu."

"Wane marar imani ne wannan? Faɗi sunansa!"

"Ga amsarsa nan, a karanta."

Akawun majalisa ya karɓi takardar, duk ta yi jaja-jaja don tsufa, ya karanta da ƙarfi: "Na gode da sha'awar da kika nuna ga harkokin shari'a. Ra'ayinki yana da muhimmanci a wurina. Ga kalanda mai hotona kyauta. Kada a manta da zaɓen Nuwamba." A ƙasa ga sa hannu ɓaro-ɓaro: Thaddeus Brumley.

Duk wanda ke zauren ya san wannan sa hannun. Wata na'ura ce a ofishinsa take riƙe biro tana zana sunansa sau ɗari biyar a yini, shi yana can yana cin abincin rana. To amma yanzun nan ya rantse a talabijin cewa da idonsa yake karantawa. Ko dai ya karanta kukan baiwar Allah ya aika mata kalanda, ko kuma ya shirga ƙarya. Ni dai ban tausaya masa ko kaɗan ba.

Ya ɗaga kofi ya kurɓa, babu komai a ciki. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Haba Madam, a yi adalci mana," ya ce. "Shekara ashirin da biyu fa! Wa zai iya tuna abin da ya faru shekara ashirin da biyu?"

Lorna ta matso da bakinta kusa da lasifika.

"Ni," ta ce.