Gwaggon Ƙarƙashin Tebur Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Hoto da iyalansa suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da wayar wuta a falonsu, rasuwar tsohuwar kwamfutarsu wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika a mazauninta na ƙarƙashin tebur, tsakanin kwandon albasa da wani takalmi ƙafa ɗaya da har yau ba a san mai shi ba, bayan ta sha fama da tari da zazzaɓi.

Marigayiya ba ta zo gidan da ƙuruciya ba. Wani ofis ne ya tashi, aka fitar da ita bakin ƙofa tare da karyayyun kujeru, Mai Hoto ya rungumo ta kamar ya tsinci 'yar uwa. A shagonsa ta yi aiki tuƙuru. Ta goge ƙurajen angwaye, ta miƙe hulunan da suka karkace, ta rage wa masu tumbi tumbi ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Da ƙarfinta ya ja baya, har buɗe hoto ɗaya kan ba mutum damar ya sha shayi ya wanke kofi, sai aka yi mata ritaya zuwa gida, aka ba ta sabon muƙami. Masu ilimin abin suna ce wa muƙamin saba, kuma gaskiyarsu ne, don an saba ƙwarai.

Aikinta shi ne ta riƙe hotunan iyali, musamman na marigayiya Inna, mahaifiyar Mai Hoto, ta yadda mutum ko yana bangon duniya, in ya rubuta sunan gidan na intanet a wayarsa, zai gan su. Faɗar haka da sauƙi. A tsakanin Gwaggo da duniya akwai maigadi, wato rauta, ɗan akwatin intanet ɗin nan mai ƙaho biyu da ke kan firji yana ƙifta idanu. Mutumin kirki ne, amma ba ya barin baƙo ya shigo ko da ya zo da takardar gwamnati. Mai Hoto ya sha gumi kafin ya shawo kansa ya buɗe ƙofa guda, da sharaɗin duk wanda ya ƙwanƙwasa nan a wuce da shi wurin Gwaggo kai tsaye. Kuma tun da ba a iya gwada ƙofar daga cikin gida, sai maƙwabta suka riƙa ganin magidanci ya tsallaka titi da singileti, yana latsa waya yana kallon gidansa kamar ɓarawon da ya zo leƙen asiri. Wasu sun je sun yi wa maiɗakinsa jaje a asirce.

To, ga babbar matsalar, kuma a nan darajar marigayiya take. Kamfanin da ke ba gidan intanet ba ya barin kowa da lamba ɗaya. Yau ka kwana da wannan, gobe ka tashi da waccan, ba sallama ba ban haƙuri, kamar a zo cikin barcinka a sauya lambar da ke jikin ƙofarka. Wanda ya san gidan jiya, yau sai ya ɓata. Gwaggo ce ta ɗauki wannan nauyi a kanta. Da zarar ta ji lamba ta canza, sai ta aika wa masu riƙe da rajistar sunaye, waɗanda ake kira DDNS, cewa mun koma nan, duk mai neman mu a turo shi nan. Ko ana ruwa ko ana rana, ko an ɗauke wuta an dawo da ita sau nawa, da ta farfaɗo abin da take fara yi ke nan. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, sai dai ta yi huci.

Jama'a za su tambaya, duk wannan wahala don wa? An ba dangi sunan gidan kaf, kowa ya ce madalla, ba wanda ya sake waiwaya. Baƙuwar Gwaggo ɗaya ce tak, ita ce Yaya, yayar Mai Hoto da aure ya kai ta ƙasa mai nisa.

Dole a faɗi abin da kowa ya sani. Shekarun baya, a wani taron dangi, Mai Hoto ya ɗauki Yaya tana tsakiyar hamma, baki wangame, ido ɗaya a rufe. Bai tsaya nan ba, ya wanke hoton babba ya kafa a gilashin shago, wai hasken ya fita yadda ake so. Yaya ta ji labari daga bakin mutane, ta rantse ita da shi sai dai a lahira. Shi kuma, da taurin kai irin na gidansu, ya ce ba zai ba da haƙuri a kan aikin da ya yi kyau ba. Hoton dai ya sauka daga gilashi, amma gaba ta zauna daram. Maiɗakinsa ce ta saci jiki ta tura wa Yaya sunan gidan, ta ce hotunan Inna suna nan, in tana so.

Washegari da safe, Mai Hoto na zaune da kofin shayi, sai ya ji daga ƙarƙashin tebur, “Kirr, kirr, kirrr.” Haka Gwaggo ke yi in wani ya shigo yana buɗe hotuna. Ya ajiye kofin. Ya dubi maiɗakinsa, ita kuma ta dubi silin. Tun daga ranar, kowace safiya sai an yi wannan kirr-kirr, kuma kowace safiya sai ya sunkuya ya ce wa ƙarƙashin tebur, “Yaya, ina kwana,” sannan ya miƙe ya yi kamar cokali ya faɗi.

Da haka zumunci ya ci gaba ba tare da kowa ya karya rantsuwa ba. In yara sun ci jarrabawa, ya ɗora hoto. In an yi fenti, ya ɗora hoto. Da ya kwanta asibiti, ya sa aka ɗauke shi da robar ƙarin ruwa a hannu, ya ɗan langaɓe wuya fiye da yadda ciwon ya buƙata. A ranar Gwaggo ta yini tana kirr-kirr har ta yi zafi, sai da aka kunna mata fanka. Maiɗakinsa ta ce ga waya nan, ya kira mana, shi ne ƙarami. Ya ce ai suna gaisawa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma a gidan nan an kafa turken da kyau.

Ciwon ajali ya fara ne da tari. Fankar cikinta ta koma “gurr, tak, gurr, tak,” kamar tsohon babur a kan tudu. An buɗe ta, an fitar da ƙura, gashin kyanwa, da rabin biskit. An hure ta, an ɗora ta a kan bulo, an yi mata fifita da kwali. Ta ɗan samu sauƙi. Sannan wata safiya ta ce “fit, fit, fiiit,” koren idonta ya dushe, falo ya yi tsit. Mai Hoto ya zauna da shayinsa har ya huce. Ba a yi kirr-kirr ba, kuma bai san ko zai sake jin motsin 'yar uwarsa a duniya ba. Ya yi kuka, ya ce wa yara tururin shayi ne.

Abin da ya biyo baya ba laifin marigayiya ba ne. Kamfani ya sauya lamba kamar yadda ya saba, babu mai kai labari. Sunan gidan ya ci gaba da nuna tsohuwar lamba, ita kuwa an riga an ba wani bawan Allah mai yin haƙoran roba, wanda shi ma yake da nasa shafin talla. Yaya ta tashi da safe, ta rubuta sunan gidan ubanta don ta ga fuskar Inna, sai ga baki wangame ya cika mata waya, haƙora reras, sama da ƙasa, suna mata dariya.

Ta ɗauka tsohon zance ne aka tayar. Wayar Mai Hoto ta yi ƙara, ya ga sunan Yaya da ya yi shekara da shekaru bai haska ba. Bai gama sallama ba ta rufe shi da faɗa. “Kai, ɗan nema! Har yanzu bakina ne ya tsone maka ido? Ina ka kai min Inna?” Ta zage shi tas, tun daga satar sukarin da ya yi yana ƙarami har zuwa singiletin da aka ce yana fita titi da ita. Shi kuwa yana tsaye, hawaye na zuba, yana ta cewa, “Haka ne, Yaya. Ƙara, Yaya.” Rabon da ya ji abu mai daɗi irin zagin nan har ya manta. Da ta sarara ya gaya mata Gwaggo ce ta rasu. Sai ta ce ba ta yarda da shi ba ko a kan gishiri, za ta taho da kanta ta kwashi hotunan uwarta kafin ya salwantar da su, kuma a gyara mata ɗakin baya.

Marigayiya ta bar maigadinta rauta, wanda har yanzu yake riƙe da ƙofa a buɗe bai san an yi rashi ba. Ta bar allo mai tabo a kusurwa, da linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da kyanwar gida da ta rasa wurin ɗumi, da wayoyi masu yawa da ba a san inda suka nufa ba. Iyalan suna neman afuwar mai haƙoran roba a kan baƙuwar da ta faɗa masa, suna kuma yi masa fatan ciniki.

Za a yi zaman makoki a falo, a zagaye tebur, masu ta'aziyya su kula da wayar wuta. An tanadi kwalin firinta, an shimfiɗa tsohon tawul a ciki, kuma za a raka ta saman kabad, kusa da rediyon Baba, mahaifinsu. Amma ba za a ɗaga ta daga inda take ba sai Yaya ta iso, don ita ce babba. An haramta ɗaukar hoto a wurin, musamman ga mai gidan.

A ƙarshe, akwai roƙo na musamman ga maƙwabcinsu mai gyaran talabijin, wanda ya leƙo jiya, ya shinshina bayan marigayiya, ya ce wannan ai ba mutuwa ba ce, ɗan fis ɗin wuta ne ya ƙone, kafin ruwan shayi ya tafasa zai tashe ta. Iyalan sun gode. Suna roƙonsa, don girman zumunci, ya mayar da sukudirebansa aljihu ya kama bakinsa, har sai Yaya ta shigo ta ajiye jakarta.